Ranar da Gide Ya Yi wa Talabijin Rawa

"Malam, mutum ɗari biyu da sha ɗaya na kayar a Kaduna. Da na gama, na'urar da kanta ta ɗauki zafi, sai da aka kawo fanka aka yi mata fifita."

Gide ne ya faɗa mini wannan magana, a zaurena da ke Faskari, ranar wata Talata da hantsi, yana zaune a kan tabarmata yana shan kununa. Na ambaci rana da wuri ne don kada gobe ya ce ba a yi ba.

Mai karatu, in ba ka san Gide ba ka gode wa Allah, amma zauna in gabatar maka da shi. Ɗalibina ne a firamaren Ruwan Godiya, shekaru talatin da suka wuce. Shi ne yaron da ke ɗaga hannu tun ban gama tambaya ba, in na ce ya tashi, sai ya ba ni amsar darasin jiya, ita ma ba daidai ba. Yanzu yana da rumfa a bakin titi a Sheme, yana sayar da caja da rigar waya, amma a allon rumfar an rubuta "Injiniya Gide" da jan fenti. Ya ajiye tumbi kamar tulun gidan biki, yana tafiya kamar agwagwar da aka saya wa sabon takalmi. Sarkin cika baki ke nan, uban 'yan kuri, na-Safara'u mai rumfar caja.

Ni kuwa sunana Malam Zailani. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, na yi ritaya ina hedimasta, yanzu ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin malamai ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A duk tsawon aikina ban taɓa sa hannu a kan shaidar ƙarya ba. Ɗan dagaci ya faɗi jarrabawa na rubuta ya faɗi. Wannan sa hannun shi ne abin da na fita da shi daga aikin gwamnati, kuma shi Gide ya zo nema.

Abin da ya kawo maganar shi ne, rabin 'yan ƙungiyarmu likita ya ce su riƙa tattaki, wannan sukari, wancan hawan jini. To tattaki zuwa ina? Kowa ya san halin da bayan garuruwanmu yake ciki. Tsohon da ya fita miƙe ƙafa wajen gonaki, sai iyalinsa su zauna riƙe da waya har ya dawo. Gide ya ji labari, ya zo da maganinsa.

"Akwati ne ɗan ƙarami, Malam, da ido guda. A haɗa shi da talabijin. Mutum zai fito a ciki yana ɗaga hannu yana ɗaga ƙafa, kai kuma kana bin sa. In ka yi daidai, idon ya gani, a ba ka tauraro. In ka kuskure, a ba ka jan kuros, irin wanda kake ba mu. A cikin ɗaki, ƙofa a rufe, ba mai sace kowa."

"Gide, ba rawa ba ce?"

"Haba Malam! Ni zan kawo wa iyayena rawa? Motsa jiki ne na likitoci. Ni ka sa su naɗa ni mai horarwa kawai, wata uku za ka ga shugabanku Alhaji Audi yana tsallake katanga."

Na ce ya nuna mini. Ya duba bayan talabijina, ya ce tsohuwar yayi ce, ba ta da ramin da wayar ke shiga. A nan na yi kuskuren da ban taɓa yi a aji ba, na ba da maki ban duba takarda ba. Na rubuta cewa na shaida Gide natsattse ne, ƙwararre a motsa jiki da na'ura, na sa hannu, na buga hatimin ƙungiya, na aika wa kowane ɗan ƙungiya kwafe.

Wannan takarda har yau tana rataye a rumfarsa. Ya kai an lulluɓe ta da roba, yana nuna wa masu biki da masu suna don su ɗauki hayar na'urarsa. Shi ya sa nake wannan rubutu. So nake ya dawo mini da takardata, kuma ya tsaya gaban mutane ya ce ƙarya ya yi mini. Ba na neman fiye da haka, ba kuma zan karɓi ƙasa da haka ba. Wanda yake ganin na tsananta, ya karanta abin da ya faru.

Ranar Asabar muka taru a falon shugabanmu, Alhaji Audi, a Ƙanƙara, da ƙarfe sha ɗaya, don kowa ya kama hanyar gida kafin la'asar. Alhaji yana da sola da ƙatuwar talabijin da ɗansa ya aiko masa. Maza a gefe guda, mata huɗu a ɗaya gefen, cikinsu har da Malama Rifkatu, wadda ta koyar da aji ɗaya shekara talatin, bakinta kuwa bai yi ritaya ba.

Gide ya shigo cikin babbar rigar shadda da aka ɗura wa sitaci har in ya fita daga cikinta za ta iya tsayawa ta gaisa da mutane. Ya haɗa wayoyi, ya ɗora idon a kan talabijin, ya juyo ya yi gyaran murya.

"Iyayena, wannan idon da kuke gani ya fi na maigadi. Gaɓa ashirin yake gani a jikin mutum. Ni kam ya san ni, ko a kasuwa ya hango ni zai gane."

Ya tsaya a tsakiyar falo ya buɗe hannuwa. Talabijin ta yi rubutu da Turanci.

Alhaji Audi, wanda ya bar tabaransa a ɗaki, ya ce, "Mi ta ce?"

Gide ya ce, "Cewa ta yi barka da zuwa Injiniya."

Ka ji ƙarfin hali. A ɗakin da kowane mutum ya ci abinci da koyar da Turanci! Malama Rifkatu ta gyara tabarau ta leƙa.

"Ɗana, cewa ta yi ba ta ga kowa ba."

"Mama, Turancin na'ura daban ne da na makaranta."

"To ga shi ta ƙara. Wai a kawar da abin da ya tare mata gaba. Labule ta zaci an rataya."

Gide ya yi tsalle, ya kaɗa hannu, ya matsa gaba, ya ja baya. Rigar na ƙara kamar ana yayyaga kwali, ido ko a jikinsa. Ashe abin gwiwar hannu yake nema da gwiwar ƙafa, su kuwa suna can cikin yadi goma. Dole ya tuɓe babbar riga ya ninke. Ta ciki ma doguwa ce har ƙauri, sai na'ura ta zana inuwar wani abu mai kai da hannuwa ba ƙafafu, kamar randa ta yi fiffike. Ya tuɓe ita ma, da hula. Aka bar Injiniya daga shi sai wando da wata singileti da ta ga gwamnatoci, da huda uku a ciki, ɗaya daidai cibiya.

Talabijin ta yi ƙara, ƙilin!

"Ta gan ni!"

Malama Rifkatu ta ce, "Mu ma mun gan ka. Allah shi ba mu haƙuri."

Sai kiɗa ya tashi. Mai karatu, kiɗa ne na sosai, mai ganga mai bugun ƙirji. Wani saurayi ya fito a talabijin cikin kaya masu ƙyalli yana jefa ƙafa. Duk ɗakin aka juyo aka dube ni. Na ji kamar an kira sunana a gaban asambule.

"Gide, wannan ba rawa ba ce?"

"Kiɗan na buɗe jijiya ne, Malam. Ku dai ku ƙirga taurari."

Ya ɗaga hannun hagu lokacin da saurayin ya ɗaga na dama. Kuros. Ya gyara, saurayin ya riga ya koma ƙafa. Kuros. Yana shirin kamo shi ke nan sai aka yi sallama. Malam Mas'ud ne, wanda ya koya masa lissafi, motarsu ta makara daga Faskari.

To Gide, duk iskancinsa, ɗan gida ne. Ba zai yiwu malaminsa ya shigo yana tsaye yana jefa ƙafa ba. Ya zube ƙasa ya durƙusa.

"Malam, barka da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. A'a, Gide ne? Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya mutanen Sheme? Ya kasuwa? Ya mai ɗakin naka?"

"Duk lafiya, Malam."

"Ya jikin tsohuwa? Ƙafar ta saki?"

Saurayin talabijin bai san ana gaisuwa ba. Yana ta tsalle, jan kuros na sauka kamar ruwan Agusta. Alhaji Audi ya ce a tsayar da waƙar mana har a gama. Gide, daga durƙushe, ya ce ba a tsayar da ita, lalacewa take. Gaskiyar magana bai san inda ake tsayarwa ba.

Ya miƙe, ya yi taku biyu, aka sake sallama. Motar Faskari mutum biyar ta kawo, kuma tsofaffi ba sa shigowa tare. Wannan ya tsaya cire takalmi, wancan ya tsaya neman inda zai jingine sanda. Kowanne ya shigo, Gide ya zube. Kowanne kuma sai ya tambayi tsohuwa da ƙafarta. Sau biyar yana sauka yana tashi, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ana cikin gaisuwa ta huɗu sai muka ga taurari sun fara zuba. Gide ya washe baki.

"Kun gani? Ko a durƙushe nake ta san gwani!"

Na tashi na duba da kyau, don ni ba a ba da maki a gabana ban san dalili ba. Da ya durƙusa, idon ya rasa shi, ya kama na bayansa. Malama Rifkatu ce zaune tana fifita da mafici, hagu, dama, hagu, dama, daidai da ganga. Ta ɗaga mafici ta kori ƙuda, talabijin ta yi walƙiya ta ba ta tauraro biyu.

Na ce, "Gide, naka ɗari da arba'in. Na mafici dubu uku."

Malama Rifkatu ta ce, "A naɗa maficin mana, Alhaji. Ga shi ba ya cin abinci."

Gide ya yi wuf ya fizge waya daga bango tun waƙa ba ta ƙare ba. Ya tsaya yana haki, ya ce laifin jama'a ne. A Kaduna, in ji shi, ba a yi wa mai horarwa sallama. Saboda haka daga yanzu duk wanda zai shigo ya shigo shiru.

Alhaji Audi ya ajiye carbi. "A gidana za a hana sallama? Kai, wanga yaro, da hankalinka kuwa?"

Sai da na shiga tsakani. Na duba rajista, na ce duk mai zuwa ya zo, saura mutanen Sabuwa, su kuwa an kwana ana ruwa, hanyarsu ba ta biyuwa. Gide ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Malam, ka tabbata Baba ba zai zo ba?"

Baba Ubale yake nufi, tsohon hedimasta a Sabuwa, mahaifin matarsa Safara'u. Shekara goma sha biyu da auren, Gide bai taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, tun daga bakin zaure yake cire takalmi. Na ce masa Baba Ubale ya shekara biyu bai halarci taro ba saboda ciwon gwiwa. Abin da na sani na faɗa.

Gide ya yi ajiyar zuciya, ya mayar da waya, ya ɗaure mazagin wando tamau.

"Yanzu za ku ga abin da Kaduna ta gani."

Ita na'urar da hannu ake zaɓar waƙa, a nuna a iska. Gide ya kai hannu ya sharce gumin goshi, na'ura ta ɗauka zaɓi ne. Saurayi ya ɓace. Wata budurwa ta fito, da gashi har baya, ta dafa ƙugu.

Malam Mas'ud ya ce, "Subhanallahi. Canza, canza."

Wani mai hankali da ya ce kuskure ne. Gide ya ce, "Ita na zaɓa. Darasi na biyu ke nan, na masu ciwon ƙugu."

Budurwa ta karkaɗa, Gide ya karkaɗa. Ta juya, ya juya. Ta girgiza kafaɗa, ya girgiza, tumbi ya amsa daga baya da kansa. Maza suka koma kallon silin, wani na istigfari, wani ya ce zai je alwala tun azahar da saura. Mata suka tusa fuska cikin mayafi, kafaɗunsu na rawa.

Ni ba na rage wa ɗalibi makinsa, saboda haka zan faɗi gaskiya. Wannan karon ya iya. Duk abin da ya gagare shi a lissafi da Turanci, ashe a ƙugu Allah ya ajiye masa. Taurari suka yi ta zuba. Da ya ga haka sai ya manta da mu gaba ɗaya. Yana murguɗa baki yadda take yi, yana kashe ido, yana ihu.

"Malam, ƙirga! Mama, ina maficin naki? Ku kira Kaduna ku tambaya!"

Waƙa ta zo ƙarshe. Budurwa ta tsaya cak, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a sama, ta turo baya. Gide ya tsaya cak, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a sama, ya turo nasa bayan saitin ƙofa.

"Salamu alaikum."

Baba Ubale ne. Wandonsa duk taɓo har gwiwa, sanda a hannun dama, kwafen takardata a hannun hagu. Awa uku ya yi a bayan babur daga Sabuwa, da ciwon gwiwarsa, saboda ya karanta cewa mijin 'yarsa ya zama ƙwararre, kuma ya san sa hannuna.

Ban taɓa ganin mai ƙiba ya yi sauri irin na ranar ba. Gide ya yi tsalle ɗaya ya faɗa bayan doguwar kujerar da ke jikin bango. Kai da kafaɗu suka shige, sauran ya ƙi. Ƙafafu biyu da abin da ke samansu suka rage a waje.

Baba Ubale dattijo ne mai kunya. Ya ga abin da ya gani, amma ba zai tsaya kallon surukinsa a wannan hali ba. Ya kawar da kai a hankali, kamar bai lura ba, ya mayar da fuskarsa ɗaya gefen. A ɗaya gefen kuwa talabijin ce.

Ashe ita wannan na'ura, in waƙa ta kai ƙarshe, sai ta nuna hoton bidiyon wanda ya yi rawar. Gide bai san da haka ba, don tun da ya sayo ta bai taɓa kai waƙa ƙarshe ba. Wannan ne gwanin mutum ɗari biyu da sha ɗaya.

Ga Gide ya cika talabijin, ya fi na gaske girma. An zagaye shi da furanni da taurari. An ƙara masa sauri. Ga singileti, ga huda, ga cibiya tana leƙe. Ya karkaɗa, ya kashe ido, ya turo baya. Hoton ya ƙare, ya sake farowa. Babu wanda ya san yadda ake kashewa sai mai shi, mai shi kuwa yana bayan kujera. Baba Ubale ba zai iya juyawa hagu ba, surukinsa na can. Ya tsaya a kan sandarsa ya kalla sau uku cif.

Sannan ya ɗaga takardar, bai dubi kowa ba sai ni.

"Malam Zailani, ga sa hannunka, ga hatimi. Ka ce maigidan yarinyar nan za a nuna, natsattse, ƙwararre. Don shi na taso. Yana ina?"

Gangar talabijin na ta bugawa. Daga bayan kujera wani hannu ya fito yana yi mini alamar roƙo. Na dubi hannun, na dubi takardar. Sau ɗaya na yi shaidar abin da ban gani ba, ba zan yi ta biyu a kan abin da na gani ba.

Na miƙe na ce, "Baba, a gaban ƙungiya na janye wannan shaida. Wanda kake nema ga shi can a talabijin. Ga ragowarsa a bayan kujera."

Baba Ubale bai waiwaya ba. Ya ninke takardar, ya miƙo mini, ya girgiza kai.

"A'a, Malam. Nawa surukin yana Sheme, yana tsaron rumfarsa." Ya nuna talabijin da sanda, daidai lokacin da Gide na ciki ya sake turo baya. "Wannan ƙaton kuwa ban san ɗan wa ne ba. Allah dai shi sa babu wanda ya yi gangancin ba shi ɗiya."

Duk ɗakin aka ce amin. To suruki ya yi addu'a, ba a yin shiru. Daga can bayan kujera, wata siririyar murya ta fito.

"Amin, Baba."